Karatu a gida ko waje: Lissafin da ke hana iyayen ɗaliban Indiya barci

A ƙauyen Talhan da ke kusa da birnin Jalandhar a jihar Punjab ta arewacin Indiya, akwai wani wurin ibada na mabiya addinin Sikh da masu ziyara ke kai wata irin sadaka da ba a saba gani ba: jiragen sama na wasan yara.

A shagunan bakin ƙofa ake sayar da su. Matashi zai saya, ya shiga ya ajiye, ya roƙi biyan buƙata. Buƙatar kuwa kusan ɗaya ce ga kowa, wato biza.

Can kudu kuma, a wajen birnin Hyderabad, akwai ɗakin bautar mabiya addinin Hindu na Chilkur Balaji, wanda jama'a suka laƙaba wa sunan biza. Mai nema zai kewaya shi sau 11, idan buƙata ta biya ya dawo ya yi 108.

Alƙaluman da gwamnatin Indiya ta gabatar wa majalisar dokokin ƙasar sun nuna cewa a 2024 ɗalibanta fiye da miliyan 1.3 ne ke karatu a ƙasashen waje. Kanada ce kan gaba da kusan 427,000, sai Amurka da kusan 337,000, Birtaniya 185,000, Ostireliya kuma kusan 122,000.

Mafi yawansu ba ƙishirwar ilimi kaɗai ta fitar da su ba. Aiki suke nema, karatun kuma shi ne tsani.

Shi ya sa a duk gidan da ke da yaron da ya kammala aji 12, wato ƙarshen sakandare a tsarin ƙasar, kuma iyayensa ke da ɗan abin hannu ko kadarar da za a jinginar, tambayar kan taso: ya yi digirin farko a gida ne, ko a haɗa kuɗi a tura shi waje? Wanne ne zai fi kai shi ga albashi?

Ƙofar gida ƙunci gare ta

Indiya ba ta rasa makarantu ba. Ƙidayar ma'aikatar ilimi ta shekarar karatu ta 2021/22 ta nuna akwai jami'o'i 1,168 da kwalejoji fiye da 45,000, da ɗalibai fiye da miliyan 43. Matsalar ita ce waɗanda manyan kamfanoni ke rububin ɗalibansu ba su taka kara sun karya ba.

A saman jerin akwai cibiyoyin fasaha na gwamnatin tarayya da aka fi sani da IIT. An buɗe ta farko a Kharagpur a 1951, yanzu sun kai 23. Sama da matasa miliyan ɗaya ne ke zama zagayen farko na jarrabawar JEE a kowace shekara, a tace kusan 250,000 su shiga zagaye na biyu, alhali guraben IIT baki ɗaya ba su wuce kusan 18,000 ba.

Wannan gasar ce ta mayar da birnin Kota na jihar Rajasthan kasuwar koyar da cin jarrabawa. Iyaye kan kai yaro tun yana ɗan shekara 15 ko 16, a kama masa ɗaki, ya shafe shekara biyu ba ya komai sai bitar tambayoyi. A 2023 ɗalibai fiye da 20 ne suka kashe kansu a birnin, lamarin da ya tayar da hankalin ƙasar.

Masu kallon finafinan Indiya sun ga irin wannan matsin a fim ɗin 3 Idiots na Aamir Khan da ya fito a 2009. Shekara 15 bayan nan, gasar ƙaruwa ta yi.

Akwai kuma tsarin keɓe gurabe. A makarantun gwamnatin tarayya kashi 49.5 cikin 100 na guraben an ware su ga al'ummomin da aka daɗe ana dannewa, sannan a 2019 aka ƙara kashi 10 ga marasa ƙarfi daga sauran al'ummomi. Tsarin ya buɗe ƙofa ga miliyoyin da a da ba sa ko mafarkin jami'a. Ya kuma sa gasar sauran guraben ta ƙara zafi, kuma wani kaso na masu fita waje 'ya'yan masu hali ne da suka rasa gurbi da maki kaɗan.

Wanda ya samu shiga kuwa ya tsinci dami a kala. Kuɗin makaranta a IIT rupee 200,000 ne a shekara, wato shekara huɗu ba su kai dala 10,000 ba, kuma akwai rukunin ɗaliban da aka yafe wa gaba ɗaya.

Aiki ne ke zuwa makaranta

Abin da ya bambanta Indiya da ƙasashe da dama shi ne yadda ake ɗaukar sabbin ma'aikata. Kamfanoni ne ke tattaki zuwa harabar makaranta, su yi wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawa da ganawa, su ba su takardar aiki tun kafin su karɓi sakamako.

Kowace kwalejin da ta amsa sunanta tana da ofishin da aikinsa ke nan. A IIT ranar 1 ga Disamba ake buɗe wannan kakar, kuma a ranar farko ne manyan kamfanoni ke kwashe na gaba-gaba.

Washegari jaridu kan cika da labarin ɗalibin da aka yi wa tayin rupee miliyan 10 ko fiye a shekara. Irin waɗannan 'yan ƙalilan ne, galibi ma aikin a ƙasar waje yake, an juya dalar zuwa rupee ne don kanun labari ya yi armashi.

Labarin da ba a cika sa wa a shafin farko ba ya fito ne a 2024, lokacin da wani tsohon ɗalibin IIT Kanpur ya yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ya tattara alƙaluma daga cibiyoyin. Sun nuna cewa kusan kashi 38 cikin 100 na waɗanda suka yi rajistar neman aiki a shekarar, kusan mutum 8,000, ba su samu ba har lokacin da aka tattara bayanan.

Idan haka ta faru a IIT, ina ga ƙananan kwalejojin injiniya masu zaman kansu da ke cike da gefen titunan Tamil Nadu da Telangana da Uttar Pradesh?

Su waɗannan, dogaronsu na kan manyan kamfanonin ayyukan kwamfuta irin su TCS da Infosys da Wipro, waɗanda a shekarun albarka kowannensu kan ɗebi dubban ɗalibai a lokaci guda. Albashin farawa kusan rupee 350,000 ne a shekara, wato dala 4,000 da 'yan kai. Abin da ke ci wa matasa tuwo a ƙwarya shi ne wannan adadi bai wani motsa ba fiye da shekara goma, alhali kuɗin haya a Bengaluru da Pune ya yi tashin gwauron zabo.

Ko wannan ɗin ma ya fara wuya. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2024, yawan ma'aikatan kamfanonin uku ya ragu da fiye da 60,000 a jimlace. Ɗalibai da dama da aka bai wa takardar aiki a 2022 sun yi ta jiran kira fiye da shekara guda. A Yulin 2025 TCS ya sanar da sallamar kusan ma'aikata 12,000. Ƙananan ayyukan rubuta manhaja da gwada ta, waɗanda da su sabon ma'aikaci ke koyon aiki, su ne ƙirƙirarriyar basira ta fara yi wa barazana.

Rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2024 tare da wata cibiyar bincike ta Delhi ya nuna abin da ya fi wannan ɗaure kai. Rashin aiki a tsakanin matasa masu digiri ya kai kashi 29.1 cikin 100, yayin da na matasan da ba su iya karatu da rubutu ba yake kashi 3.4.

Ba wai jahilci ya fi ilimi riba ba ne. Talaka ba ya iya zama babu aiki, ko dako ne zai yi. Mai digiri ne ke zaman jiran aikin da ya dace da takardarsa, kuma sau da yawa aikin gwamnati yake jira. A 2019 mutum fiye da miliyan 12 ne suka nemi gurabe kusan 35,000 a hukumar jiragen ƙasa, kuma ƙorafi kan yadda aka gudanar da ɗaukar ya kai ga ƙona taragon jirgi a Bihar a Janairun 2022.

Ke nan a gida, kalmar digiri ba ta faɗin komai sai an ji sunan makarantar da ta bayar da shi.

Abin da ake saye da dala

Wanda ya dubi wannan hali ya ce gara waje, yana da hujja. Albashin shekara guda na sabon injiniyan manhaja a Amurka ya ninka na takwaransa a Chennai sau da yawa. Dakunan gwaje-gwaje sun fi, ɗalibi na da 'yancin sauya fanni, babu kuma wanda zai tambaye shi matsayin da ya zo a JEE.

Sai dai tsakanin takardar digiri da wannan albashi akwai wata takarda ta biyu, kuma ba jami'a ce ke bayar da ita ba.

A Amurka, ɗalibin da ya kammala yana da izinin aiki na wata 12 ƙarƙashin shirin OPT. Idan fanninsa kimiyya ne ko fasaha ko injiniya ko lissafi, ana ƙara masa wata 24. A shekarar farko ba a yarda ya wuce kwana 90 babu aiki ba. Idan ya wuce, izinin ya faɗi.

Kafin wa'adin ya cika, dole wani kamfani ya nema masa bizar H-1B. Sabbi 85,000 kacal ake bayarwa a shekara, kuma da yake masu nema sun ninka haka, ƙuri'a ake jefawa. A 2024 rajistar ta kai kusan 470,000.

A nan ne mai digirin farko ke da rauni na musamman. Daga cikin 85,000 ɗin, 20,000 an keɓe su ne ga masu digiri na biyu ko sama daga jami'o'in Amurka, waɗanda kuma ake sa sunansu a ƙuri'ar sauran 65,000. Su damarsu biyu, shi tasa ɗaya. Idan tarihi ya karanta, sau ɗaya ko biyu kawai zai shiga ƙuri'ar kafin lokacinsa ya ƙare.

Wanda ƙuri'ar ta faɗa kansa ma bai huta ba. Dokar Amurka ta taƙaita kason kowace ƙasa a katin zama na dindindin zuwa kashi 7 cikin 100, ko ƙasar na da mutum miliyan ɗaya ko biliyan ɗaya. Da yake 'yan Indiya ne ke karɓar kusan kashi 70 cikin 100 na H-1B, layinsu ya kai na shekaru da dama. Mutum zai yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya sayi gida, amma idan aka sallame shi daga aiki kwana 60 gare shi ya sami wani ko ya tattara.

A Satumban 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin biyan dala 100,000 kan sabbin takardun neman H-1B. Daga baya hukumar shige da fice ta fayyace cewa bai shafi ɗaliban da ke sauya matsayinsu daga cikin ƙasar ba. Amma kwanakin ruɗanin da suka biyo bayan sanarwar, lokacin da ma'aikata suka riƙa katse hutu suna rububin tikitin komawa, sun nuna wa iyaye yadda sa hannu ɗaya ke iya rikita lissafin shekara huɗu. Watanni kafin nan ma an soke rajistar dubban ɗaliban ƙasashen waje kafin a mayar, an kuma dakatar da ganawar bizar ɗalibai na wasu makonni.

Birtaniya ta buɗe nata shirin a Yulin 2021, wanda ke bai wa mai digiri shekara biyu ya yi kowane irin aiki. Ɗaliban Indiya suka yi tururuwa, haka ma 'yan Najeriya. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, matakin da ya fi taɓa ƙasashen biyu. A Afrilun shekarar aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700, sannan zuwa 41,700 a Yulin 2025, duk da cewa akwai rangwame ga sabbin masu digiri. Daga Janairun 2027 kuma shekara biyun za su koma wata 18.

Yaron da ya shiga jami'a a Manchester ko Birmingham a 2023, da wata doka ya shiga, da wata zai fita.

Darasin Kanada

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Kanada, kuma babu jihar da ta fi jin jiki kamar Punjab.

Shekaru da dama hanyar a buɗe take. Yaro zai ci jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda cibiyoyin koyar da ita suka cika titunan Jalandhar da Ludhiana da Amritsar, wakili ya samo masa gurbi a wata kwaleji a lardin Ontario, ya yi difloma ta shekara biyu, ya karɓi izinin aiki na har shekara uku, daga nan ya nemi zama na dindindin.

Kowa ya san ba diflomar ake saye ba. Manoma sun sayar da gona, wasu sun jinginar da tarakta. Kwalejoji sun samu kuɗin da ya ninka na 'yan ƙasa, wakilai sun samu la'ada, masu gidajen haya a Brampton sun cusa ɗalibai a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da yawa daga cikin yaran sun ƙare a tuƙin manyan motoci da aikin rumbunan ajiya da kai abinci gida-gida, ayyukan da ba su da alaƙa da abin da suka karanta.

A 2023 aka gano ɗaruruwan ɗalibai sun shiga ƙasar da takardun gurbin karatu na bogi da wani wakili a Jalandhar ya haɗa musu, wasunsu sai bayan sun gama karatu sun nemi zama na dindindin suka sani. A shekarar ce kuma dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, bayan Firaminista Justin Trudeau ya zargi jami'an Indiya da hannu a kisan wani jagoran 'yan Sikh, Hardeep Singh Nijjar, zargin da Indiya ta musanta.

Da tsadar gidaje ta zama batun siyasa, sai gwamnati ta juya. A Janairun 2024 ministan shige da fice Marc Miller ya sanar da rage sabbin izinin karatu da kusan kashi 35 cikin 100. Kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635. Kafin shekarar ta ƙare an rufe hanyar gaggawa ta bayar da biza, an kuma ɗaure izinin aikin masu diflomar kwaleji da wasu fannoni da aka zaɓa.

Dubbai suka wayi gari izinin aikinsu na ƙarewa, makin da ake buƙata don zama na dindindin ya fi ƙarfinsu, gonar da aka sayar kuma ba ta dawowa.

Ostireliya ma ta bi sahu. Kuɗin bizar ɗalibi ya tashi daga dalar ƙasar 710 zuwa 1,600 a Yulin 2024, sannan 2,000 bayan shekara guda.

Jamus ce ta zama sabuwar alƙibla, domin yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, kuma mai digiri na da wata 18 ya nemi aiki. 'Yan Indiya ne yanzu suka fi yawa a cikin ɗaliban waje a ƙasar. Amma yawancin kwasa-kwasan digirin farko da Jamusanci ake koyar da su, sau da yawa sai an yi shekarar share fage, kuma sai an ajiye kusan yuro 12,000 a asusu na musamman kowace shekara. Shi ya sa masu zuwa can galibi masu digiri na biyu ne.

Bashi da dala, albashi da rupee

A ɗauki misali mai sauƙi. A ce karatu da masauki da abinci sun ci dala 50,000 a shekara, wanda matsakaici ne a Amurka, tun da manyan jami'o'i masu zaman kansu sun haura 80,000. Shekara huɗu dala 200,000 ke nan, kusan rupee miliyan 17.

Idan yaron ya samu aiki a can ya kuma tsallake ƙuri'a, zai iya biyan wannan cikin 'yan shekaru. Idan ya dawo ya karɓi albashin rupee 350,000, sai ya yi kusan shekara 49 bai ci bai sha ba kafin ya haɗa uwar kuɗin. Ko ya dace da aikin rupee miliyan ɗaya da rabi a shekara, wanda babban rabo ne ga sabon mai digiri, shekara 11 ce da ɗoriya, ban da kuɗin ruwa.

Bankunan Indiya kan nemi jingina idan rancen karatu ya wuce rupee 750,000, kuma abin da iyali ke da shi galibi gidan da suke ciki ne. Ga faɗuwar darajar kuɗi: a 2014 kusan rupee 61 ke sayen dala ɗaya, a farkon 2025 ta haura 85. Kuɗin makarantar da aka lissafa a shekarar farko ba shi ake biya a ta huɗu ba.

Wanda ya dawo yana tarar da wata matsalar da ba a cika faɗa masa ba kafin ya tafi. Kakar ɗaukar aiki a harabar makarantu ta wuce shi, domin shi ba ɗalibin kowace kwalejin gida ba ne. Sa'anninsa sun yi horon sanin makamar aiki a kamfanonin Mumbai da Gurugram, suna da tsofaffin ɗalibai da za su miƙa takardunsu. Shi sai ya bi layin intanet kamar kowa.

Mai ɗaukar aiki a Indiya ya san Oxford da MIT da Stanford, kuma zai buɗe wa mai takardarsu ƙofa. Jami'a ta 300 a jerin Amurka ko wata kwaleji a wajen Toronto kuwa, bai san ta ba, kuma ba lallai ya fifita ta kan NIT Trichy ko BITS Pilani ko kwalejin Shri Ram ta Jami'ar Delhi ba, waɗanda ya san irin tacewar da ake yi kafin a shiga. Idan aikin gwamnati ne ma, sai an fara kawo takardar da ke tabbatar da cewa digirin ya yi daidai da na gida.

Masu karatun likita

Su lissafinsu a juye yake: waje ya fi araha.

A 2024 fiye da mutum miliyan 2.3 ne suka zauna jarrabawar NEET, suna neman gurabe 100,000 da 'yan kai, waɗanda kusan rabinsu na kwalejoji masu zaman kansu ne da kuɗinsu kan kai rupee miliyan 10. Rasha da Jojiya da Kazakistan da Kirgistan da Filifins na bayar da digirin a kan kaso kaɗan na wannan kuɗi.

Duniya ta san yawansu ne a Fabrairun 2022, lokacin da Rasha ta afka wa Yukren, aka tarar akwai ɗaliban Indiya kusan 18,000 a ƙasar, yawancinsu masu karatun likita. Gwamnati ta kwaso su a wani shiri da ta kira Operation Ganga. Ɗalibi ɗaya ɗan jihar Karnataka ya mutu a luguden wuta a Kharkiv.

Amma ko babu yaƙi, mai irin wannan digiri ba zai taɓa majinyaci a Indiya ba sai ya ci jarrabawar tantancewa ta FMGE, wadda a yawancin zama ko kashi ɗaya cikin uku ba sa tsallakewa. Akwai masu maimaita ta shekara da shekaru, da takardar likita a akwati.

Hanyar su Pichai

Duk wakilin da ke tallar karatun waje yana da sunayen da yake ambata: Sundar Pichai na Google, Satya Nadella na Microsoft, Arvind Krishna na IBM, Shantanu Narayen na Adobe, da Indra Nooyi da ta shugabanci PepsiCo.

Abin da ba ya ƙarawa shi ne babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi digirin farko a waje. Pichai a IIT Kharagpur ya yi kafin ya tafi Stanford. Nadella a Manipal ya yi kafin Wisconsin. Krishna ɗan IIT Kanpur ne, Narayen ɗan Jami'ar Osmania ta Hyderabad, Nooyi kuma a Madras Christian College ta fara, ta wuce IIM Calcutta, sannan Yale.

Har yau wannan ce hanyar da mafi yawa ke bi. A shekarar karatu ta 2023/24 ɗaliban Indiya a Amurka sun kai 331,602, abin da ya sa suka zarce na ƙasar Sin a karon farko cikin shekara 15. Amma masu digirin farko a cikinsu kusan 36,000 ne kawai. Kusan 197,000 masu digiri na biyu da na uku ne, sauran galibi masu izinin aikin bayan karatu.

Dalilin a bayyane yake. Digiri na biyu shekara ɗaya ne ko biyu, don haka bashin rabi ne ko ƙasa da haka. Damar ƙuri'a ta fi yawa. Mutum ya tafi yana ɗan shekara 23 ko 25, sau da yawa da gogewar aiki, ba yana ɗan 18 ba. Idan kuma abin bai yiwu ba, yana da digirin gida da abokan karatu da tsohon wurin aikin da zai koma.

Akwai ma waɗanda ba su taɓa biyan ko sisi ga jami'ar waje ba, kamfaninsu ne ya tura su reshensa na London ko New Jersey bayan shekara uku ko huɗu. Akwai kuma waɗanda ba su ga dalilin tafiya ba. Sachin Bansal da Binny Bansal, 'yan IIT Delhi, sun kafa Flipkart a Bengaluru a 2007, kuma a 2018 Walmart ya sayi mafi yawan hannun jarinsa kan dala biliyan 16.

Wannan ba ya nufin digirin farko a waje asara ne ga kowa. Ga wanda ya samu cikakken tallafin karatu, ko gurbi a jami'ar da sunanta ke tafiya ko'ina, ko wanda iyayensa za su biya ba tare da taɓa gida ko gona ba, ko kuma mai son fannin da gida bai ƙware a kai ba, riba ce. Wanda ke cikin haɗari shi ne na tsakiya: bai samu babbar makaranta a gida ba, bai samu babba a waje ba, kuma da rance zai tafi.

Aikin ma ya fara tahowa

Wani abin da ke sauya lissafin shi ne kamfanonin da matasan ke tsallaka teku don yi wa aiki sun fara kawo aikin inda suke. Indiya na da cibiyoyi fiye da 1,700 mallakin kamfanonin duniya, masu ma'aikata kusan miliyan 1.9, yawancinsu a Bengaluru da Hyderabad da Pune da Chennai. Goldman Sachs da JPMorgan da Microsoft da Google duk suna da manyan ofisoshi a can, kuma ba amsa waya ake yi a cikinsu ba, ƙirƙirar manhaja da nazarin kuɗi ake yi. Albashinsu bai kai na California ba, amma ya fi na kamfanonin ayyukan kwamfuta na gida nesa ba kusa ba, kuma babu ƙuri'a. Su ma dai daga fitattun kwalejoji suka fi ɗauka.

Makarantun ma sun biyo baya. Bayan manufar ilimi ta 2020 da ƙa'idojin da aka fitar daga bisani, jami'o'in Deakin da Wollongong na Ostireliya sun buɗe rassa a GIFT City ta jihar Gujarat a 2024, sai Jami'ar Southampton ta Birtaniya da ta buɗe nata a Gurugram a 2025.

Ita kanta Indiya waje ce ga wasu. IIT Madras ta buɗe reshe a Zanzibar a 2023, kuma a shekarar ce gwamnatin Kano ta tura ɗaruruwan ɗalibai jami'o'in ƙasar don digiri na biyu.

Ɗalibin reshen Gurugram zai karɓi takarda mai ɗauke da sunan Southampton a kan kuɗin da bai kai na Ingila ba, yana kwana a gidan iyayensa idan ya so. Abin da ba zai samu ba shi ne izinin aikin bayan karatu a Birtaniya, domin wannan sai wanda ya yi karatun a cikin ƙasar da bizar ɗalibi.